Taron Ranar Haɗa Sikeli da Kwamfuta

Daga Rano har Kibiya, duk dillalin hatsin da ya sayo sikelin lantarki, ya ce so yake nauyin kowane buhun masara ya riƙa faɗawa kwamfuta da kansa, to ya kira taro bai sani ba.

Mai ƙarfi ne ke fara isowa. Kan wayar sikelin allura 9 gare shi, kuma ta fuska ɗaya kawai yake shiga. Shi ina ruwansa? Zai juya shi a kife, ya cije leɓe, ya danna. In allura biyu suka lanƙwashe sai ya ce, "Kayan yanzu ba su da aminci."

Sai mai hura iska. Ya zare, ya hura, ya goge da bakin riga, ya mayar. Sau goma.

Ɗan boko kuwa, wanda ya dawo hutu daga Birni, shi ne abin kallo. Ya san sunan tsarin RS-232, ya san tun 1960 aka fito da shi a Amurka, zai ma yi maka bayanin dalilin da ya sa yawancin kwamfutocin yau ba su da wannan ramin, sai an nemo mahaɗin USB. Duk gaskiya ne. Amma ya bar kwamfuta tana sauraro a saurin 4800 alhali sikeli na zuba a 9600. Allo ya cika da wasu ƙwarangwal ɗin haruffa kamar kaji sun yi tono. Nan take wani tsoho ya ja da baya yana a'uziyya, ya ce a nemo malam.

Yaro mai gyaran waya maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta: "Alhaji, sai an yi mata filashin."

Ga kuma Baba mai awo can gefe, kwano a cinya, sai murmushi yake yi. Addu'arsa ba ɓoyayyiya ba ce.

Bayan La'asar wani shiru-shiru zai matso, ya daidaita saurin. Minti biyar, kilo 100 ya bayyana ɓaro-ɓaro. Kafin ya miƙe, mai hura iska ya riga ya kai wa Alhaji labarin cewa ƙura ce, kuma shi ya fitar da ita.