Yadda Ɗan Mafara Zai Ci Kano Ba Tare Da Kano Ta Ci Shi Ba

Ƙanena, tunda Allah Ya yi ka samu gurbi a Jami'ar Bayero, ga shawara kyauta, domin na san kuɗin da aka ƙulla maka a gida ba za su kai ka sayi wata ba.

Da farko, kada ka bar harshenka a tasha. Ranar da ka buɗe baki a ɗakin kwana, sai wani Bakano ya ce ka maimaita, ya kira abokansa su ji. Maimaita masa sau biyu, da ƙarfi. Kafin a yi hutun farko za ka same shi yana kwaikwayonka, har ya kasa dainawa. Wanda ya sauya murya cikin mako guda shi ake yi wa dariya sau biyu: a Kano an gane shi, a Mafara kuma an ce ya lalace.

Sai ka fita. Akwai ɗaliban da ke shekara huɗu a birnin nan ba su san komai ba sai hanyar aji da wurin mai shayi. Hau adaidaita sahu ka je Gidan Makama, gidan da ake dangantawa da Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da hotunan Kano ta da. Daga nan ka leƙa marinar Ƙofar Mata, amma kada ka sa farar rigar da ka ɗinka don ranar rantsar da sababbin ɗalibai. Tsaya ka kalli yadda marini ke tsoma zane cikin baba ya ɗago shi ya sha iska ya sake tsomawa, har launin ya kama; yi tambaya, masu sana'ar suna son mai tambaya. In ka shiga kasuwar Kurmi, riƙe hannun wanda ya san hanya, kuma duk farashin da aka faɗa maka ka fara da yin salati. Dutsen Dala kuwa a hau shi bayan an karya kumallo, ba kafin ba.

Titin Gidan Zoo fa? Je ka gani, can ofisoshin 'yan fim suke. In wani ya ce fuskarka ta jarumi ce, ka gode masa ka koma ka yi karatun jarrabawa.

Yanzu ga babbar magana, kuma a nan nake so ka nutsu. Wata rana malami zai shigo aji ya ambaci Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ka ga 'yan ajinku sun sunkuya suna rubutu kamar ana raba gado. Mutumin nan a Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haife shi, Maradun ce ta zama sunansa na biyu, kiɗan kotso ya gada a gidansu, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙa, ya rasu a 1991. A jami'ar da za ka je, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daɗe yana rubutu kan makaɗan baka, ɗalibai kuma na samun digiri da nazarin waƙoƙin da kakanka ke saurare a rediyo yana gyaran galma. To kada a juyo a ce "ga ɗan garinsu nan" ka tsaya kana sosa ƙeya. Kafin ka tafi, zauna da tsofaffin unguwarku, ka tambaye su wa ake nufi a waƙa kaza, wane basarake aka yi wa zambo, me ya sa 'yan amshi ke karɓa a inda suke karɓa. Ka haɗa da Narambaɗa da Sa'idu Faru da Ɗan Anace. Cika wayarka da su, ko da za ka goge hotunanka ashirin da kake tsaye a jikin motar da ba taka ba.

Ina matsa maka a kan wannan ne saboda rashin tsaro ya rage taron dare da wasannin kaka a ƙauyukanmu, masu sanin kuma suna tsufa. Abin da ba ku ɗauka ba ku 'yan makaranta, wa zai ɗauka?

Ka yi abota da ɗan Borno da Bayarabe da ɗan Jos. In an yi ranar al'adu a makaranta, ci abincinsu ba tare da ka shinshina ba, ka kalli rawarsu har ƙarshe. Kai kuma ka tafi da hoce daga gida. Gurasar Kano na da daɗi, amma bai kamata ta yi sarauta ba abokin takara. In suka yi maka alfahari da madatsar Tiga, ba su labarin Bakolori, madatsar da aka kammala a 1978, da shinkafar da ake nomawa a gefenta.

Ko sau ɗaya ka roƙi izinin Baba ka yi Sallah a Kano don ka ga Hawan Daushe a Ƙofar Kudu. Je da wuri, nemi inuwa, wayarka kuma ta zauna a aljihun gaba. Inna za ta yi fushi, don haka ka saya mata turare a Kurmi tun kafin ka faɗa mata.