Mutanen Da Za Ka Tarar A Kan Ganuwar Dubrovnik

Ganuwar dutsen da ta kewaye tsohon birnin Dubrovnik, a gaɓar tekun Adriyatik a ƙasar Kuroshiya, tsawonta mita 1,940 ne, tsayinta kuwa a wasu wuraren ya kai mita 25. Hanyar da ke bisanta matsattsiya ce, kuma ƙa'ida ce kowa ya fuskanci gefe ɗaya. Don haka duk wanda Allah ya haɗa ka da shi a matakalar Ƙofar Pile, zumunci ya ƙullu, ba rabuwa sai an sauka.

Na farko Sarkin Sani. Daren jiya ya buɗe littafin tarihi, yau ya wayi gari shehin malami. Ba ka tambaye shi ba, amma sai ya gaya maka an kammala hasumiyar Minceta a 1464, kuma girgizar ƙasar 1667 ta rusa gari, ganuwa ko gezau. Abin haushin, duk gaskiya ya faɗa. Matarsa ta yi gaba, ta nuna ba ta san shi ba.

Sai Gimbiyar Hoto. Ganuwa ba ta dame ta ba, bango take nema da zai dace da rigarta. Inda hanya ta fi ƙunci nan za ta tsaya, ta juya wa teku baya, ta ce wa mijin, "Sake, idona a rufe yake." Jama'a sun yi layi a bayansu, kowa na haɗiyar magana da yarensa.

Ga Ɗan Fim. Shi a saninsa sunan garin King's Landing, tunda nan aka ɗauki wasu sassan shirin fim ɗin Game of Thrones. Nuna masa kagarar Lovrijenac a kan dutsenta, ba ruwansa da wanda ya gina ta, sarauniyar ƙarya da ta zauna ciki yake tambaya.

Da hantsi Garken Jirgin Ruwa ke isowa. Katafaren jirgi ya juye su a tasha, aka ƙayyade musu lokaci. Suna biye da jagora mai ɗaga laima kamar tumaki bayan makiyayi: laima ta tsaya su tsaya, ta nuna tsibirin Lokrum su ce "Oh!" baki ɗaya, su duba agogo.

Mai Lissafi kuwa tun a wurin yankar tikiti ransa ya ɓaci. Ya raba kuɗin da yawan mitoci, ya san farashin kowane taku. Ko ƙafa ta kumbura ba zai sauka a rabin hanya ba, sai ya ci kuɗinsa tas.

Abokin tafiyarsa Jarumin Tsakar Rana. Ya hau da azahar a watan Yuli, ba hula, ba ruwa, ya ce ai ɗan zagaye ne. Kafin a kai kagarar Bokar ya fara haki. Ga famfon Onofrio can ƙasa yana kwarara tun 1438, sai dai ya hango shi ya haɗiye yawu.

Kada a manta da Ɗan Baibai, mai tahowa ta inda kowa ke tafiya, yana mamakin yadda mutane da yawa haka suka ɓata hanya.

Na ƙarshe ba baƙo ba ne. Tsohuwa ce 'yar gari, tana shanya a ƙarƙashin ganuwa, dubban mutane na ɗaukar hoton zanen gadonta. Ita ta san dalilin da wasu rufin gidajen suka fi wasu ja: sababbi ne, an sa su bayan ruwan bama-baman yaƙin 1991. Kakanninta na Jamhuriyar Ragusa, wato tsohuwar ƙasar Dubrovnik, sun daɗe suna kai wa Sarkin Daular Usmaniyya haraji duk don kada baƙi su shigo musu. Yanzu baƙin sun shigo, amma su ke biya a bakin ƙofa, a sa su hawan matakala cikin rana, su sauko suna godiya.