Ranar da lambobin Android suka daina tsayuwa

A yaren Java, wanda aka daɗe ana rubuta manhajojin Android da shi, akwai umarni mai suna switch. Aikinsa ya karɓi ƙima guda, ya duba jerin case da ke ƙarƙashinsa, ya tura aiki inda ya dace. Yana da sharaɗi mai tsauri: duk abin da aka rubuta gaban case dole a san shi tun lokacin da kwampaila ke juya rubutu zuwa umarnin na'ura, ba sai manhaja ta tashi a waya ba. Kwampaila tana gina tebur ne tun da wuri, da tableswitch ko lookupswitch, kamar yadda ake rubuta Kano da Zariya da Jos a allunan tasha kafin fasinja ya iso. Tana kuma son ta tabbatar babu case biyu masu ƙima ɗaya.

Abin da take yarda da shi bai da yawa: lamba kamar 5, ko 2 + 3, ko rubutu tsantsa tun daga Java 7 ta 2011, ko ma'ajin da aka sa wa final aka kuma ba shi irin wannan ƙima nan take. Kalmar final kaɗai ba ta wadatar ba. In ƙimar daga Integer.parseInt("5") ta fito, har ɗan firamare ya san biyar ce, amma kwampaila sai ta ce ita ba ta da labari.

A Android kowane maɓalli yana da lamba a cikin ajin R, kuma da can duk final ne, don haka kowa ya saba rubuta case R.id.kaza. A Oktoban 2011 ADT 14, kayan aikin gina manhajojin Android na lokacin, ta cire final daga lambobin laburare (rubutun da ake ara a haɗa da manhaja), saboda tsayayyar ƙima ana kwafe ta ne kai tsaye cikin umarnin na'ura, alhali idan aka haɗa laburare da manhaja sai an sake rabon lambobi. A Afrilun 2023 wani kayan ginin, Android Gradle Plugin 8.0, ta faɗaɗa wannan har ga manhajar kanta, don ginawa ta ƙara sauri.

A nan ne marubucin wannan bayani ya shigo. Ya haɗa wa kawunsa manhajar rubuta bashi ta shagon hatsi, wata rana da dare ya sabunta kayan aiki, gari na wayewa ya tarar da ja, alamar kuskure, ya cika allo, kowane case na neman tsayayyar ƙima. Ya kashe kwamfuta ya kunna. Ya tuhumi ƙanensa mai kallon ƙwallo da ita, yaron ya sha faɗa har da hana kuɗin tara. Ya tuhumi janareto. Ya kai wa mai gyara, wanda ya hure ƙura, ya canza fanka, ya karɓi kuɗinsa da addu'ar Allah ya kiyaye gaba.

Sai dabara ta zo masa: ya leƙo ainihin lambobin, masu farawa da 0x7f, ya rubuta su da hannu gaban kowane case. Ja ya ɓace, ya kwana yana jin kansa gwani. Da ya ƙara sabon maɓalli sai lambobin suka goce, maɓallin "Tuna masa" ya koma yin aikin na "Ya biya". Kawu ya wuni yana tunatar da mutane, manhaja na yafe musu.

"Kai yaro, ina bashin buhunan geron nan?"

"Kawu, wallahi ban taɓa komai ba."

"Ai na gani. Sadakar da ban yi niyya ba ka sa ni."

Tsohon littafin shago ne ya ceci lamarin.

Maganin gaskiya bai kai wannan wahalar ba. A mayar da switch zuwa jerin if da else. A Android Studio a ɗora alama kan kalmar switch a danna Alt da Enter, aikin ya gama. A Android Gradle Plugin 8.0 ana iya rubuta android.nonFinalResIds=false a gradle.properties, amma wannan ɗage ranar shari'a ne kawai. Masu rubutu da yaren Kotlin kuwa ba ruwansu, don when ɗinsu ba ya neman tsayayyar ƙima. Jerin if bai kai switch kyan gani ba, sai dai babu mai danna maɓalli da zai ji bambancin sauri tsakaninsu.