Ɗabaƙoƙin Masu Tara Bargon Faci

Tun daga shekarar 2002, sa'ad da aka ɗauko bargunan da matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama, suka harhaɗa da tsofaffin wandunan aiki da guntayen ƙyalle, aka rataye su a gidajen nunin zane na Houston da New York, sha'awar tara bargon faci mai karkataccen ɗinki ta bunƙasa a Amurka, har ma'abotanta suka kasu ɗabaƙa-ɗabaƙa.

Na farko shi ne mai neman aibi. Wannan bawan Allah, in aka miƙa masa bargo mai daidaitattun kusurwoyi sai ya yamutsa fuska, amma in ya tarar da inda shuɗin yadi ya ƙare wa mai ɗinki ta cike da ja, ko aljihun wando da aka bari a tsakiya, nan fa zai yi ta tasbihi.

Na biyu ma'abocin isnadi ne, wanda ba ya sakin sisi sai an faɗa masa wadda ta ɗinka, da wadda ta koya mata, da mai rigar da aka yayyanka. In silsilar ta yanke, ya yanke wa bargon hukuncin rauni, kome kyansa.

Na uku mai tafsiri, wanda zai tsaya gaban bargon foliyesta na shekarun 1970, ya harɗe hannu, ya yi ta zaƙulo ma'anonin da mai ɗinkin ba ta taɓa mafarkinsu ba, alhali ita ba abin da ya dame ta illa hunturu da ɗakin yara.

Na huɗu wanda tari ya cinye masa gida. Limaminsu shi ne Eli Leon na Oakland, wanda ya mutu a 2018 ya bar wa gidan nunin zane na jami'ar Berkeley wasiyyar barguna kusan 3,000, fiye da 500 daga ciki aikin Rosie Lee Tompkins. Almajiransa kuwa, da bargo ɗari a ɗaka, da rigar sanyi suke kwana, don kada lulluɓi ya rage wa kaya daraja.

Na biyar dillali, mai kiran abu tsumma ranar saye, ya kira shi hikima ranar sayarwa. A cikin dukansu shi kaɗai ne bai taɓa yin asara ba.