Kafin ka miƙa wa makanike ƙafar motarka ta tsere

Duk wanda Allah ya hore wa mota mai ƙofa biyu, irin wadda ake shiga da durƙuso a fito ana dafe da ƙugu, ya san wannan ƙarar: ƙurrr, daidai lokacin da cikin motar ya goge tudun rage gudu, masu shayi suka juyo gaba ɗaya. Toyota 86 tazararta da ƙasa kimanin santimita 13 ce, kuma waɗanda suka ƙera ta a Japan ba su taɓa ganin layinku da damina ba. Shi ya sa wata rana za ka yanke shawarar a ɗan ɗaga ta. Ƙaninka kuwa, mai jini a jika, so yake a ƙara sauke tasa har ta kusa sumbatar kwalta. Ku duka biyun gareji kuke nema, kuma a nan ake yin ta.

Kada ka ji kunyar ɗaga ta. A 2022 kamfanin Porsche da kansa ya fito da 911 Dakar, wadda ta ɗara 'yar'uwarta tsayi da santimita 5, ya raɗa mata sunan gasar nan da a shekarun 1980 take keta hamadar Nijar. Lamborghini ma ya ɗaga Huracán da milimita 44 ya kira ta Sterrato. In manyan sun yi, abokinka mai cewa ka ɓata mota ya je ya yi musu magana.

Ranar farko kada ka je da motar. Hau adaidaita sahu, ko ka ari tsohuwar Corolla ta maƙwabci. In ka je da taka, ƙugin salansarka yana riga ka isa gareji, kuma kafin ka kashe inji an riga an ninka kuɗin aiki, an ƙara maka sarautar da ba ka da ita. Da ƙafa za ka ga abin da ya kamata ka gani. Dubi bakin ƙofa tukuna: in akwai kwalbati mai tudu, to bambar gabanka a nan za ta kwana. Dubi jak ɗinsu, ko akwai gajere mai shiga ƙarƙashin mota maras tsayi. Sannan ka dubi ƙasa. Wurin aikin dole ya zama daɓen siminti a shimfiɗe, domin motar da aka auna a gindin darbejiya, taya ɗaya kan saiwa ɗaya cikin rami, sai dai addu'a.

Sai ka gaida maigidan da ladabi, ka tambayi iyali, ka yi masa tambaya guda: "Maigida, in na kawo ta, daga ina zuwa ina za ka auna?" Ka yi shiru ka saurara, don amsar nan ta fi allon da ke ƙofarsa faɗin gaskiya. Wanda ya san aiki zai ce daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodin da ke saman taya, a ƙafafu huɗun duka, bayan an daidaita iskar tayoyi, kuma zai rubuta lambobin kafin ya taɓa noti ko ɗaya. Zai kuma tambaye ka wace irin ƙafa ce a jikinta. Wani kuwa zai tura hannu tsakanin taya da bodi ya ce, "Alhaji, yatsu uku ne, za mu mayar da shi huɗu." Yatsunsa na dama ne, yaronsa zai auna hagu da nasa, kuma yaron bai kai sha biyar ba. Tela ma ba ya sa almakashi a shaddarka sai ya zagaya ka da tef, balle abin da zai ɗauki ranka a guje. Yi masa godiya, ka ce za ka dawo.

Tambayarsa game da irin ƙafa tana da tushe. Akwai motar da sifirinta na kamfani ba shi da wurin daidaitawa ko kaɗan, sai dai a canza sifirin ko a sa mazaunin da aka ƙera don ƙara tsayi. Akwai wadda shokozobarta ke da zare a jiki da zobba biyu, ana murɗa su da wata sifana mai ƙugiya, motar ta hau ko ta sauka. Irin su ne kamfanonin Bilstein da KW na Jamus suke yi. Akwai kuma mai ƙafar iska, kamar wasu Marsandi, wadda aikinta na kwamfuta ne. Makaniken da ya nufi zobban nan da guduma da kurfi ya gaya maka ko shi wane ne tun kafin ya buga.

Yanzu ga wurin da ake gudu ba waiwaye. In ka ji an ce a kira mai walda, tashi. Wasu suna gasa sifirin da wuta har ya yi ja ya lotsa, su ce an sauke mota. Wutar nan tana kashe ƙarfin ƙarfen, ya ci gaba da lotsawa yadda ya ga dama, wata rana ya karye a hanyar Zariya. Wasu yanke shi suke yi, ya ƙara tauri, ya kasa zama daram a gurbinsa. Masu ɗagawa kuma suna cusa guntun tsohuwar taya ko katako tsakanin zagayen sifirin. Duk wannan yana da araha, araha kuwa ba ta ado. Ina faɗa da babbar murya ne saboda ba kai kaɗai ne a kan titi ba.

Kada kuma ka zari da yawa. Santimita ɗaya ko biyu sun isa su raba ka da yawancin tuddan gari, in ka haɗa da hawa a karkace sannu a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya. In aka wuce iyaka, shokozoba ta rasa wurin motsi, motar ta fara rangaji a kwana, ka sayi motar tsere ka koma gida da raƙumi mai ƙafar roba.

An gama murɗa zobba, aiki bai ƙare ba. Duk lokacin da tsayi ya canza, tsayuwar taya ma ta canza: ta kwanta ciki ko waje, bakinta ya karkace. Dole a kai ta alaimen na kwamfuta a ranar, in ba haka ba gefen ciki na tayoyin nan masu tsada zai cinye kai kana ganin wajensu sabo fil. Notikan bushin kuma ana ɗaure su ne bayan motar ta sauka ta ɗauki nauyinta. In aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. A duba fitilun gaba, kada ka riƙa haska tsuntsaye a kan bishiya kana kashe wa masu tahowa ido. In ka yi sa'ar samun garejin da ke da sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya don a raba nauyi daidai, riƙe mai wurin hannu bibbiyu, ka riƙa kai masa goron Sallah.

Kaya kuwa, ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko ka aika Ladipo a Legas, tafi da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a duba da ita. Sayi na hagu da na dama tare. Tsofaffin da aka cire ka sa su a but, naka ne.

Saura maganar "gwaji". Yaran gareji mutanen kirki ne, amma ɗan shekara ashirin da makullin Mustang a hannu jarrabawa ce da bai kamata ka ɗora masa ba. In za a gwada, kai ne a sitiyari, maigida a gefenka. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: kada ka kai ta ana jibi ɗaurin auren abokinka, domin sabon sifirin yana ɗan zama bayan an yi yawo, sai an koma an sake awo.

Inda za ka fara cigiyar makanike kuwa, masu alaimen ne. Su suke ganin aikin kowane makaniken ƙafa a allon kwamfutarsu, sun san wanda motocinsa ke zuwa a miƙe. Tambaye su, ka sayi tef naka na kanka, ka auna ƙafafu huɗun a gida ka rubuta a takarda. In ka je karɓar mota, a sake aunawa a gabanka kafin ka ciro ko sisi daga aljihu.