Fili Ba Ya Kwana a Kano

A Kano idan ka ga fili a buɗe, yi masa addu'a, kwanansa ya ƙare. Yau yara na buga ƙwallo, gobe tifa ta juye yashi, jibi an kafa allo: shaguna na haya, a tuntuɓi Alhaji. Wane Alhaji? Ai ba a tambaya. Shi ne wanda in ya shiga ofis, mai ofishin ke miƙewa ya ba shi kujera, kai kuwa mai takardar gadon gidanku a ce ka dawo Litinin.

Badalar da ta tare mahara ɗaruruwan shekaru, ta kasa tare ɗan kwangila da buhun siminti. Filin Idi ma aka zauna aka yi masa lissafi: salla sau biyu a shekara, sauran kwanakin fa? Asara. Sai aka zagaye shi da shaguna.

Da sabuwar gwamnati ta hau a 2023, ko mako ba ta cika ba katafila ta fito. Aka rushe ginin da ke filin tsohon Otal ɗin Daula, aka bi da shagunan Filin Idi, matasa suka yi ta jidar rodi da ƙofofi, wai ganima. Kotu kuma ta ce a biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30.

Kuɗin diyya dai ba daga aljihun wanda ya raba filin yake fitowa ba, balle na direban katafila. Mai karatu, shafa aljihunka.