Yadda Magidancin Hotoro Zai Noma Barkonon Da Zai Rage Masa Baƙi

Magidancin Hotoro da attarugun kasuwar 'Yankaba ya daina sa shi gumi yana da mafita: ya noma nasa a bayan gida. Amma kafin ya ɗauki fartanya, gara ya san matsayinsa a duniya. Tun 1912 wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya fito da ma'aunin zafin barkono, kuma attarugun da ake tinƙaho da shi bai wuce maki 100,000 zuwa 350,000 ba. Carolina Reaper, wanda ya shiga kundin Guinness a 2013, ya haura miliyan ɗaya da rabi. Pepper X da ya ƙwace kambun a 2023 ya kusa miliyan 2.7. Mutum ɗaya ne, Ed Currie, ya samar da su duka biyun.

In waɗannan sun gagara, ya nemi irin bhut jolokia na Indiya, wanda manoman jihar Assam ke shafawa a shinge don korar giwaye. Babu giwa a Hotoro, amma akwai masu sallama daidai lokacin da aka sauke tukunya.

Ya samo tsohon bokitin fenti, ya huda gindinsa, ya cika da ƙasa da takin da ya ruɓe. Daga nan sai jira, don irin kan yi makonni bai tsiro ba, musamman in sanyin hunturu ya kama shi. Kada ya riƙa tonawa kullum yana dubawa. Zafin Afrilu kuwa kakkaɓe fure yake yi, saboda haka ya ja bokitin zuwa inuwar darbejiya. Ƙishirwa kaɗan bayan an fara 'ya'ya tana ƙara wa barkono zafi, don haka ranar da famfo ya ɗauke, mai garuwa kuma ya ƙara kuɗin jarka, sai ya ce wa iyali dabarar noma ce.

Ya kuma yi shinge. Sinadarin kafsaisin da ke sa ƙato hawaye ba ya yi wa tsuntsu komai, kajin uwargida za su tsattsage amfanin gonar su wuce ko tari babu.

Ranar girbi ya sa leda a hannu. Zafin yana cikin farar tsokar da 'ya'yan ke manne da ita, wanda ya zubar da 'ya'yan kawai ya yaudari kansa. Ya wanke hannu da sabulu sosai kafin alwala, domin hanci da fuska na jira. Kada ya aika yaro da shi injin markaɗen unguwa: mai bi masa a layi wataƙila geron kunun jariri ta kawo.

Sai gwaji. Uwargida za ta ce, "Maigida, ba dai a tukunyata ba," kuma tana da gaskiya. Ya sayi tasa, ya soya a tsakar gida, don hayaƙin kaɗai ya isa ya tashi maƙwabta daga barcin rana. Ya fara da kan tsinke a cikin yajin ƙuli, ya barbaɗa a ɗanwake. In ya kwana lafiya, ya matsa zuwa garau-garau, sannan gurasa bandashe. Zoɓo da alkaki ya bar su, ba su yi masa laifin komai ba.

Idan baki ya kama, randa ba za ta cece shi ba, domin kafsaisin ba ya narkewa a ruwa. Nono ko kindirmo ne ke wanke shi, don haka a tanadi ƙwarya guda kafin loma ta farko. Kwalbar yajin kuma a rubuta mata suna, a ɗora ta inda hannun yara ba ya kaiwa. Mai gyambon ciki ya tsaya a kan tattasai.